Yadda Ake Haɗa Fim Ɗin 'Yan Tsana a Ƙaramin Dandali, a Gauraya Shi da Zane

Fim ɗin da ake kira sitof-moshan dabararsa ɗaya ce: a ɗauki hoton abu, a gusa shi kaɗan, a sake ɗauka, a yi ta yi har hotuna su taru, sannan a gudanar da su da sauri, sai ido ya ga abin yana motsi da kansa. Duk wanda ya taɓa gwadawa ya san ba motsin ne ke ba da wahala ba. Abin da ke ɓata aiki shi ne abin da bai kamata ya motsa ba amma ya motsa: bangon da gwiwar hannu ta taɓa, yashin da yatsa ya share, hasken da ya ragu don janareta ya ja numfashi, kyamarar da ta gyara fokas da kanta. Shi ya sa rabin wannan bayani a kan kafe abubuwa yake.

Sana'ar ba baƙuwa ba ce a wajenmu. Marigayi Moustapha Alassane na Nijar, wanda aka haifa a 1942 ya rasu a 2015, ya yi shekaru yana wannan aiki a Tawa. A 1977 ya fitar da Samba le Grand da 'yan tsana, ya kuma yi Kokoa, inda kwaɗi ke kokawa a fage. Wasu kayan aikinsa da hannunsa ya haɗa su.

Za mu bi misali ɗaya daga farko har ƙarshe: tsakar gida, mace tana daka a turmi, wuta na ci a murhu gefe guda, kaza ta ratsa ta gaba. Matar da gidan za a gina su da hannu. Hayaƙi da harshen wuta za a zana su daga baya. Kazar kuma ta takarda ce. Tsawon fitowar daƙiƙa 10.

Lissafi kafin a taɓa almakashi

Fim na silima yana tafiya da hoto 24 a daƙiƙa. Masu wannan aiki da yawa suna ɗaukar 12 kawai, kowane hoto ya tsaya sau biyu, kuma ido yana karɓa ba tare da ƙorafi ba. Ka fara da 12. Daƙiƙa 10 ke nan hoto 120, minti ɗaya hoto 720. Wannan lissafin shi zai hana ka rubuta labarin minti goma a aikinka na farko. Ko a manyan kamfanoni irin su Aardman na Biristol a Ingila, mai motsa 'yar tsana yakan yini guda ya tashi da daƙiƙu kaɗan.

Ka yanke shawarar siffar hoton tun yanzu. In YouTube za ka saka, a kwance yake, 1920 da 1080. In TikTok ne, a tsaye, 1080 da 1920. Dandalin da aka gina don hoto a kwance yana da faɗi, bangonsa gajere. Ka juya waya tsaye sai ka ga silin ɗin ɗakinka ya leƙo a sama. Sannan ka zana fitowar a takarda, ko da zanen 'yan sanduna ne, ka rubuta a jikin kowane abu ko ginawa za a yi, ko zanawa, ko yankawa a takarda. Gauraya kaya iri-iri ana shirya ta ne kafin ɗauka. Wanda ya gama ɗauka sannan ya tuna yana son wuta a murhu zai tarar babu hasken wutar a jikin bango, zanen kuma zai zauna kamar an liƙa sitika.

Ma'auni mafi sauƙi shi ne ɗaya bisa goma, domin lissafinsa ba ya buƙatar kalkuleta. Mace mai tsawon santimita 160 ta zama 16. Ƙofar mita 2 ta zama santimita 20, katanga mai mita biyu da rabi ta zama 25, turmi 5, taɓarya 13. In ka yi ƙasa da haka yatsunka za su yi wa 'yar tsanar girma, in ka yi sama dandalin zai cinye ɗakin.

Gina dandali

Ka nemi katakon filawud mai kaurin milimita 9 zuwa 12, faɗi santimita 80 da 60. Kafinta ya yi masa ƙafafu ko firam ta yadda hannunka zai shiga ƙarƙashinsa, domin daga ƙasa za a ɗaure ƙafar 'yar tsana. Tsayinsa ya kai kamar mita ɗaya daga ƙasa, in ba haka ba bayanka zai gaya maka kafin hoto na hamsin. Teburin kada ya yi rawa ko kaɗan. Ka ɗora masa buhun yashi ko bulo a ƙasa, ka zagaye ƙafafunsa da alli a siminti don ka gane in ya gusa.

Katanga ana yin ta da kwali mai kauri falle uku a manne, ko da farin soson nan mara nauyi da ake kare firji da talabijin da shi a cikin kwali. Wannan soson yana da daɗin sassaƙa, amma gam irin na masu takalmi da fentin feshi suna narkar da shi nan take. Farin gam na kafintoci, irin su Top Bond, shi ne abokinsa.

Yaɓe shi ne inda dandali ke samun rai, kuma nan mutane suka fi kuskure. Sukan kwaɓa laka ta gaske su shafa, ta bushe, ta tsage, ta riƙa zubar da gari a tsakiyar ɗauka. Haɗin da ke riƙewa: awo biyu na jar ƙasa da aka tankaɗe da rariya, awo ɗaya na garin POP na masu silin, awo ɗaya na farin gam, sai ruwa kaɗan-kaɗan har ya yi kaurin kunun tsamiya mai kauri. Ka kwaɓa rabin kofi a lokaci guda, domin POP ba ya jira. Ka shafa siriri, kada ya wuce milimita 2 ko 3, ka bari ya bushe sarai kafin ka ƙara wani. Tun yana da ɗan laima ka bi shi da yatsa ko tsohon burushin haƙori a karkace, irin shatin da hannun magini ke bari a katangar ƙasa. In kana son dagi ko wani ado a saman ƙofar zaure, ka manna igiya siririya a siffar da kake so, ka yaɓe kanta. Zanko a kusurwar soro da indararo na ɗan guntun kara su ne ke sa mai kallo ya ce wannan gidanmu ne.

Bayan ya bushe, launi ɗaya zai yi, kuma bango mai launi ɗaya ƙarya yake yi. Ka tsinka fenti mai ruwan ƙasa da ruwa sosai, ka wanke bangon da shi don ya shiga ramuka, ka goge sama da tsumma. Sannan ka ɗauki burushi busasshe da ɗan fenti mai haske ka shafa a kan tudun. Gindin katanga ya fi duhu inda ruwan sama ke fantsama, ƙarƙashin indararo akwai zirin da ruwa ya bi, bayan murhu kuma baƙi ne. Fenti mai ƙyalli kada ya shigo dandalin; zai riƙa walƙiya a ƙarƙashin fitila.

Ƙasan tsakar gida dole a manne shi. Ka shafa farin gam a katakon, ka barbaɗa yashi tankaɗaɗɗe, ka bari ya kwana, ka karkaɗe wanda bai kama ba, ka sake fesa gam da aka tsinka da ruwa, awo ɗaya na gam uku na ruwa. Yashin da aka bari a sake yana sauya wuri duk lokacin da hannu ya wuce, a fim sai ka ga ƙasa tana tafasa kamar tururuwa. Haka turmi, randa, murhu, itacen girki: duk abin da ba zai motsa ba a fitowar, a manne shi ko a ɗaure shi da sukuru daga ƙasa. Turmin musamman, domin shi taɓarya za ta yi ta taɓawa.

Abu biyu da mai gina dandali don kallo ba ya tunawa, amma mai fim dole ya tuna. Na farko, hannu zai shiga ya fita sau ɗari da ashirin, don haka katangar gefe ɗaya ta zama mai cirewa, mai zama a kan turaku biyu da za su mayar da ita daidai inda take. Na biyu, zurfi. Ka bar santimita 40 zuwa 50 tsakanin katangar baya da allon sararin sama, don kada inuwar soro ta faɗa a kan gajimare. A wannan tazarar ka jera rufin gidajen maƙwabta da bishiyar dabino a rabin ma'auni, ɗaya bisa ashirin, launinsu a ɗan kwantar, sai unguwa ta yi nisa. Allon saman kuma ka yi shi shuɗi sosai a sama, yana fari-fari yayin da yake sauka.

'Yar tsana da ƙwarangwal ɗinta

Ƙwarangwal shi ne abin da ke sa 'yar tsana ta tsaya a inda aka bar ta. Wayar alminiyam mai laushi ake so, kaurin milimita ɗaya da rabi. Wayar ƙarfe tana komawa baya in an lanƙwasa ta, ta jan ƙarfe kuma tana taurara ta karye da wuri. In alminiyam ɗin da ka samu daga kebur ɗin lantarki ne kuma ya yi tauri, ka goga masa sabulu, ka gasa shi a wuta har sabulun ya yi baƙi, ka cire ka bar shi ya huce. Baƙin sabulun shi ne alamar ya kai zafin da zai yi laushi. In ka wuce nan narkewa zai yi.

Ka murɗe waya biyu tare don hannuwa da wuya, uku don ƙafafu da gadon baya. Kada ka kama ta da haƙoran filaya kai tsaye, domin duk inda aka yi mata rauni nan za ta karye. Ka zana 'yar tsanar a takarda da girmanta na gaskiya, ka ɗora wayar a kai kana lanƙwasawa. Ƙirji, ƙugu, damtse, cinya da ƙwauri ka lulluɓe su da gam mai haɗi biyu mai daskarewa kamar dutse, ka bar kamar santimita ɗaya na waya tsirara a kowace gaɓa. Ba tare da waɗannan ƙasusuwan ba hannu zai riƙa lanƙwashewa kamar taliya.

A tafin kowace ƙafa ka dasa ɗan noti mai lamba M3 a cikin gam ɗin, ka toshe raminsa da sabulu kafin gam ya bushe don kada ya cike zaren. A dandali za ka huda rami na milimita uku da rabi a inda ƙafa za ta taka, ka zuro bol daga ƙasa ya kama notin. Wannan ɗaurin shi ne bambancin 'yar tsanar da ke daka da ƙarfi da wadda ke tangaɗi. Ramin da ƙafa ta bari sai a toshe shi da ɗan filastisin, wato lakar roba ta wasan yara da ba ta bushewa, mai launin ƙasa.

Jiki kuma soson katifa ne, a yanka siriri a naɗe a kan ƙwarangwal, a gyara da almakashi. Kai ya zama mara nauyi: dunƙulen takarda da gam, ko ɗan katako mara nauyi. Mutane suna son filastisin don shi suke gani a finafinan waje, amma a zafin Maris da Afrilu yana yin laushi har fuska ta zube, a hunturu kuma ƙura tana manne masa. Ka taƙaita shi ga gira da fatar ido, ka ajiye shi a inda ke da sanyi, ka riƙa goge hannu kafin ka taɓa.

Tufafinmu suna taimakon mai wannan aiki. Zani yana rufe ƙafafu, babbar riga ma haka, don haka tafiya ba ta buƙatar a nuna kowace gwiwa. Sai dai yadi yana da nasa rikici. Zanen atamfa ta gaske ya yi girma a wannan ma'auni, fure ɗaya zai rufe matar gaba ɗaya. Ka nemi yadi mara kauri mai ƙananan zane, ko ka zana da kanka a farin yadi. Kuma yadi yana motsi duk lokacin da ka taɓa. Ka manna takardar alminiyam ta naɗe abinci a cikinsa, ko ka zura siririyar waya a kalmasar bakin zani da ɗankwali, sai ya tsaya a duk inda ka ajiye shi.

Haske da kyamara

Rana ba abokiyar wannan aiki ba ce. Hoto 120 zai iya cin awa uku, a cikin awa ukun inuwa ta zagaya, gajimare ya wuce. Ka toshe taga da baƙin yadi ko kwali har ɗakin ya yi duhu ƙirin, ka kashe fanka.

Fitila biyu sun isa. Babbar a gefe, a sama, tana kallon dandalin a karkace daga nisan santimita 60 zuwa 80, ita ce rana. A ɗaya gefen ka jingina farin kwali ya mayar da haske cikin inuwa. Ta biyun ta haska allon sama ita kaɗai. Ƙwayayen su zama iri ɗaya, ko duk farare ko duk masu ruwan ɗorawa. A ɗaure su da kilif ko sukuru, kada a jingina.

Babbar matsala a nan ita ce ƙyaftawar haske, kuma tushenta yawanci wutar da ake amfani da ita ce. Ƙarfin wutar layi yana hawa yana sauka, na janareta ya fi muni, musamman in firji ya tashi. Fitila mai caji kuma tana dusashewa a hankali yadda ido ba ya lura, sai an kalli fim a ga la'asar ta koma magariba cikin daƙiƙa goma. Mafita mai araha ita ce fitilar LED mai kebur ɗin USB a jone da fawabank, domin fawabank yana ba da bolt 5 daidai har ya mutu. Inbata mai kyau ma tana yi. Ka guji fitilun da ake rage musu haske da maɓalli in masu arha ne, sukan jawo ratsi a hoto. Wutar Nijeriya da Nijar tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, don haka in fitilarka a jikin layi take, ka sa saurin shata, wato tsawon lokacin da idon kyamara ke buɗe a kowane hoto, a 1/50 ko 1/25 na daƙiƙa, ko ma ka tsawaita zuwa rabin daƙiƙa tunda babu abin da ke motsi a lokacin ɗauka.

Gwaji ɗaya zai gaya maka gaskiya: ka ɗauki hoto 30 ba tare da ka taɓa komai ba, ka kunna su. In hoton ya tsaya cik kamar guda ɗaya, ka shirya. In yana ƙyaftawa, ka nemo dalili kafin ka ci gaba. Sau da yawa dalilin kai ne: farar riga tana mayar da haske kan dandali. Ka sa baƙaƙen kaya, ka yi alama a ƙasa, ka koma nan ka tsaya kafin kowane hoto.

Wayar hannu ta isa. Manhajar Stop Motion Studio tana nan a Android da iPhone. Masu babbar kyamara da kwamfuta suna amfani da Dragonframe. Ko wacce ka ɗauka, ka kulle abu huɗu da hannu: fokas, yawan haske, ma'aunin fari mai daidaita launin haske, da ISO, wato ƙarfin jin haske na kyamara, wanda za ka bari a 100. Ka kashe HDR da filasha, ka sa wayar a yanayin jirgin sama don kada kira ya girgiza ta. Kada ka taɓa fuskar wayar don ɗauka. Maɓallin ƙara murya na iyafis mai igiya ko ɗan rimot na Bluetooth yana yi. Ƙafafun abin ɗora kyamara a liƙe su da salatif a ƙasa, a rataya masa nauyi. In wayar tana caji tana zafi, ka cire mata riga. Mai babbar kyamara ya sa buɗin lens a f/8 ko f/11, domin a wannan kusancin in ka buɗe sosai hancin 'yar tsana ne kawai zai fito sarai.

Ka sauke kyamara daidai idon matar, kamar santimita 14 daga ƙasan dandali, a nisan santimita 50. Daga sama komai kayan wasan yara yake zama. Daga daidai ido kuwa, sai katangar kwali ta yi tsayi, mai kallo ya ji yana tsaye a tsakar gidan.

Dakan kansa

Kafin ka saka matar, ka ɗauki hoton dandali babu kowa, guda uku. Ka sake ɗauka in ka gama. Wannan wankakken hoto da shi za ka goge duk wata waya da ta tallafi abu a iska, da shi kuma za ka gyara kuskure.

Ka kunna abin nan da ke nuna inuwar hoton baya a kan na yanzu, wanda manhajojin ke kira da sunan ɓawon albasa. Da shi za ka ga nawa ka gusa.

Bugu ɗaya na taɓarya ka ba shi hoto 12, wato daƙiƙa ɗaya. Taɓaryar za ta tashi santimita 4. Kada ka raba tazarar daidai-wa-daida, nan ne motsi ke zama na inji. Hawa a hoto biyar: milimita 3, sai 8, sai 12, sai 11, sai 6. A sama ta ɗan tsaya hoto biyu, amma ba tsayuwar gawa ba, kafaɗa ta ƙara miƙewa da milimita ɗaya. Saukowa a hoto biyu kawai: 15, sai 25. Sauran hoto uku taɓarya na cikin turmi, jikin matar ya ci gaba da sunkuyawa kaɗan, ƙugu ya sauka, bakin ɗankwali ya iso a makare. Hawa a hankali, faɗuwa da sauri, jiki ya bi baya: abin da ke sa mai kallo ya ji nauyin taɓarya ke nan, alhali tsinken tsire ne da aka yi wa kauri. Tafin hannunta ka manne su da taɓaryar da ɗigon sufa-gulu, in ba haka ba za su riƙa zamewa.

Kullum ka riƙe ƙugu ko ƙirji da hannu ɗaya yayin da kake lanƙwasa gaɓa da ɗayan. Ka bi tsari ɗaya a kowane hoto, daga ƙugu zuwa ƙirji, hannuwa, kai, sannan tufa, don kada ka manta wani. Bayan kowane hoto biyar ka kunna ka gani. Ƙifta ido hoto biyu ne da ɗan fallen filastisin a kan ƙwayar. Kuma ka gama fitowa ɗaya a zama ɗaya. Wayar ƙwarangwal da katako suna saki cikin dare, da safe za ka tarar abubuwa sun ɗan gusa.

In akwai magana, murya ake fara ɗauka. Ka buɗe ta a manhajar sauti ta Audacity, ka rubuta a takarda wane sauti ne ya faɗa a kan wane hoto. Bakuna biyar na takarda da ake liƙawa a cire sun ishi Hausa: rufaffe don m, b da ɓ, buɗaɗɗe don a, mai faɗi don i da e, zagayayye don u da o, sai rabin buɗe don sauran baƙaƙe. Jadawalin bakunan da za ka gani a intanet yana da na haƙori a kan leɓe, wanda na f ɗin Turanci ne. Bahaushe da leɓɓa biyu yake furta f, don haka ba ka buƙatarsa. Dogon wasali ka ba shi hoto biyu ko uku, gajere ɗaya.

Inda zane da takarda ke shigowa

Wutar murhu rabinta a dandali ake yin ta. Ka ɓoye ɗan ƙwan LED a tsakanin duwatsun murhu, ka rufe shi da ledar alawa mai ruwan lemo. A kowane hoto ka sauya abin da ke gabansa: falle ɗaya na tishu, falle biyu, babu, ba bisa tsari ba. Hasken zai riƙa rawa a gindin tukunya da jikin bango. Daga baya in ka zana harshen wuta a kai, zai zauna kamar a nan aka haife shi.

Ka fitar da fitowar a hoto 12 a daƙiƙa, ka shigar da ita manhajar zane, FlipaClip a waya, ko Krita a kwamfuta, wadda kyauta ce. Ka buɗe sabon falle a kan hoton ka yi zane a nan. Harshen wuta zane 5 ko 6 ne da ke maimaituwa, hayaƙi kamar 8, kowane zane murɗin ya hau sama kaɗan ya ƙara faɗi ya dusashe. Ka rage kaurin fallen hayaƙin zuwa kamar rabi don a riƙa hango bango ta cikinsa. Launin kada ka ɗauko shi daga kanka. Ka tsamo shi daga hoton, farin hayaƙi ya ɗan sha jan bangon. In gwiwar hannun matar ta ratsa gaban hayaƙin, ka goge hayaƙin a wannan wurin a kowane hoto, in ba haka ba zai zama a gabanta alhali murhun yana baya.

Ƙa'idar da ba a karyawa: zane ya tafi da saurin da 'yar tsana ke tafiya. In ita tana 12 shi yana 24, ko ka ɗauko hayaƙin bidiyo na gaske ka ɗora, ido zai raba su nan take.

Kazar takarda dabam ake ɗaukar ta. Ka yanka jiki, wuya da ƙafafu biyu a takarda mai kauri, ka shafa wa gefen yankan launi don kada farin takarda ya fito, ka haɗa gaɓoɓin da zare daga baya. Ka shimfiɗa ta a kan koren kwali mara ƙyalli, kyamara tana kallo daga sama, hasken ya fito daga gefen da rana take a dandali. Taku ɗaya hoto 4 ne, kai ya yi gaba da sauri ya tsaya jiki ya cim masa. A manhajar haɗa bidiyo, CapCut ko DaVinci Resolve, ka cire koren, ka ɗora ta a kan tsakar gidan. Abin da ke dasa ta a ƙasa shi ne inuwa: ka zana ɗan baƙin tabo mai laushi a ƙarƙashin ƙafafunta, ya karkata inda inuwar turmi ta karkata. Babu inuwa, kaza shawagi take yi.

Wasu suna sa koren yadi a bayan dukan dandalin don su sauya sama daga baya. Ba mu ba da shawarar haka ga mai farawa. Koren yana fantsama a jikin bango, bakin jinka da ganyen bishiya kuma ba sa yankuwa da tsabta. Saman da aka fenta da hannu ya fi kyau, ya kuma fi dacewa da sauran kayan.

Haɗawa

Aikin da za ka buɗe a manhajar haɗawa ya zama na hoto 24 a daƙiƙa, don kowane hotonka ya ninku biyu daidai. In ka zuba 12 a cikin aikin 30 ko 25, wasu hotuna za su daɗe fiye da wasu, motsi ya riƙa ɗingishi. Wanda ya san aikinsa a 30 zai ƙare, ya ɗauka a 15 ko 10 tun farko. Wanda zai kai gidan talabijin, inda ake amfani da 25, ya saita manhajar ɗauka a 25 ya riƙa ɗaukar kowane motsi sau biyu. Ka kuma kashe duk wani saiti da ke ƙirƙiro hotuna a tsakani don motsi ya yi santsi. Yana narkar da hannuwa ya ɓata taɓarya.

Sauti ka ɗauke shi daga turmi na gaske, da hatsi a ciki, domin turmi wofi ƙararsa dabam. Ka ajiye kowane bugu a kan hoton farko da taɓarya ta taɓa ƙasan turmi. A ƙarƙashi ka shimfiɗa sautin unguwa a hankali, kukan kaza, ƙarar itace a wuta. A ƙarshe ka gyara launin duka fallayen tare, ka ɗora ɗan ƙaiƙayin hoto, wato ƙananan ɗige-ɗigen nan kamar gari, mara yawa a kan gaba ɗaya, don zane mai santsi da hoto mai gari-gari su zama fata ɗaya.

Hotunan asali suna da nauyi, na minti ɗaya kan kai gigabait biyu ko uku, don haka ka kwafe su zuwa kwamfuta ko katin ajiya bayan kowane zama, kowace fitowa a jakarta da lambarta. Dandalin kuma kada ka rushe shi sai ka kalli fim ɗin gaba ɗaya a babban allo. Ka lulluɓe shi da leda saboda ƙura, ka bar alamomin alli da salatif a inda suke, domin in hoto na 73 ya fito da yatsanka a ciki, daga nan za ka koma ka gyara.